Ciwon Ido Sai Haƙuri? Tambaya a Kan Sauya Madubin Ido

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya ba mu ji da gani ba da wata dabara tamu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, tambayoyi biyu ne suka iso gare mu cikin wata guda, kuma daga masallaci guda. Ta farko daga wani dattijo ce wanda ya haura shekara 70, mutumin da aka saba gani bayan sallar asuba da Alƙur'ani buɗe a gabansa har hantsi ya fito. Yau shekara uku ke nan bai buɗe shi ba, jikansa ne ke riƙe masa sanda zuwa masallaci. Likita ya duba shi ya ce yana ce ta rufe masa idanu, kuma ana iya cire ta a sanya masa wani ɗan madubi a madadinta. Dattijon ya ƙi. Da ɗiyansa suka matsa masa, sai ya ce su je su tambayi malamai: wanda ya ba shi gani shi ne ya karɓi abinsa, Hausawa kuma sun ce ciwon ido sai haƙuri, to da wane baki zai tsaya gaban Ubangiji da abin da ɗan Adam ya ƙera a cikin idonsa? Ya ƙara da cewa ba ya son a kai shi kabari da roba a jiki.

Tambaya ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce mai kimanin shekara 50. Idanunsa garau suke, abin da ke damunsa kawai shi ne ba ya iya karanta rasiti ko lambar waya sai ya sanya tabarau. A wata tafiyar fatauci ƙasashen waje ya ji labarin cewa ana cire madubin ido mai lafiya a sanya na ƙira, mutum ya rabu da tabarau. Yana da kuɗin, yana so ya san ko shari'a ta yarda.

Aikin da za a yi wa mutanen nan biyu iri ɗaya ne, kayan aiki ɗaya, madubi ɗaya. Amma muna ganin amsarsu ba ɗaya ba ce, kuma dalilin bambancin shi ne abin da muke so mu yi nazari a kansa tare da ku. Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa, saboda haka bari mu fara da siffar.

A bayan baƙin ido, inda mai kallo ba ya gani, Allah ya ajiye wani ɗan madubi garai-garai wanda faɗinsa bai wuce milimita 9 ko 10 ba, yana cikin wata ƴar jaka siririya da ta fi ɓawon albasa laushi. Aikinsa shi ne tattara hasken da ya shigo ya sauke shi daidai a kan tantanin da ke bayan ido, daga can jijiyar gani ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. A ƙuruciya madubin nan yana da taushi, yana kumbura idan mutum ya dubi abu kusa, yana sakewa idan ya hangi nesa, ba tare da mai idon ya sani ba. Daga wajen shekara 40 zuwa 45 sai ya soma tauri, shi ya sa za ka ga mutum yana nesanta takarda da fuskarsa kafin ya karanta. Wannan ne halin ɗan kasuwarmu. In shekaru suka ƙara ja, sai madubin ya soma dusashewa kamar ruwan da aka ɗiga wa nono, har ya zama fari fat. Wannan ita ce yanar ido, kuma shi ne halin dattijonmu. Larabawa suna kiranta farin ruwa, don magabata sun ɗauka wani ruwa ne ke saukowa ya tsaya a gaban gani. Tsufa ne babban sanadinta, amma ciwon suga da shan taba da zafin rana da bugu a ido da yawan amfani da wasu magunguna suna gaggauta ta, wani jaririn ma da ita ake haihuwarsa. Har zuwa yau babu kwalli ko ɗigo ko saiwa da ke narkar da yana in ta kama. Duk wanda ya sayar maka da kwalba a kasuwa da sunan tana wanke yana, to ya ci kuɗinka ne da zalunci.

Abin da likita ke yi shi ne ya kashe zafin wurin da ɗigo ko allura, mutum yana farke, ya yi ɗan tsagi a gefen baƙin ido, ya fitar da madubin da ya dushe ya bar jakarsa, sa'an nan ya zura madubin ƙira a cikin jakar nan. Kafin aiki ana auna ido don a san ƙarfin madubin da ya dace da shi. Aikin ba ya yawan wuce rabin awa, kuma da yawa sukan soma gani kashegari in an buɗe bandeji. Madubin ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, yana zaune a wurin har ƙarshen rai. Wani lokaci bayan wata ko shekaru jakar takan yi hazo, sai a share ta da hasken leza cikin ƴan mintoci. Wajibi ne kuma mu faɗi abin da aikin ba ya yi: ba ya dawo da ganin da hawan jinin ido ya cinye, wanda Larabawa ke kira shuɗin ruwa, domin wannan jijiyar gani yake kashewa. Ba kowane makaho ne mai yana ba, likita ne ke rarrabewa.

Wasu daga cikinmu suna jin nauyin aikin ne don suna ɗauka sabon abu ne da Turawa suka zo da shi. Tarihi bai goyi bayansu ba. Wajen ƙarshen ƙarni na 4 na Hijira, wato kusan shekara ta 1000 miladiyya, wani likita Musulmi mai suna Ammar ɗan Aliyu, mutumin Mausil ta Iraƙi wanda ya zauna Misira, ya ƙera allura mai rami a ciki yana zuƙo yana mai taushi daga ido, ya kuma rubuta yadda ya yi wa majinyatansa a littafinsa Al-Muntakhab. A zamaninsa ne Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir, inda ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. A 1747 wani likitan Faransa, Jacques Daviel, ya soma fitar da madubin gaba ɗaya ta hanyar tsagi. Sai dai wanda aka cire wa madubi yakan zauna da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, in ya ɓata ko ya fashe ya koma lalube. Tsofaffinmu sun san irin wannan tabarau.

Wanda ya kawo madubin ƙira shi ne Harold Ridley, likitan Ingila, mutumin da ya taɓa aiki a ƙasar da ake kira Ghana yau yana binciken makantar kogi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shige musu ido, idon ba ya faɗa da ɓarɓashin, yana zaune lafiya. Daga nan ya sa aka ƙera madubi da irin robar nan, ya yi aikin farko a asibitin St Thomas da ke Landan ranar 29 ga Nuwamba 1949. Abin da zai ba dattijonmu mamaki shi ne manyan likitocin zamanin sun yi shekaru suna sukar Ridley da irin maganarsa, suna cewa aikin likita shi ne fitar da baƙon abu daga ido, ba sanya shi ba. A 1967 Charles Kelman a Amurka ya fito da na'urar da ke farfasa yana da girgizar sauti ta zuƙe ta ta ɗan ƙaramin tsagi, wato dabarar Ammar ta dawo bayan kusan shekara dubu da sabon kayan aiki.

To yanzu mu koma ga shari'a. Hujja mafi nauyi a bakin masu ƙi ita ce tsoron canja halittar Allah, kuma tsoro ne mai tushe. A aya ta 119 ta Suratun Nisa'i an ba mu labarin cewa umurtar mutane da canja halitta yana cikin alkawuran da Shaiɗan ya ɗauka a kan ƴan Adam. Hadisi ingantacce kuma ya la'anci masu zanen jiki da masu goge haƙora don yin wushirya saboda neman kyau. Amma mu dubi abin da aka hana da kyau. Haƙorin da aka goge lafiyayye ne, fatar da aka zana lafiyayya ce, mai yin haka ya dubi abin da Allah ya daidaita ya ce bai yi masa ba. Shi kuwa mai yana, halittar da Allah ya yi masa ita ce ido mai gani. Yana ce ta zo ta ɓata wannan halitta, likita kuwa yana ƙoƙarin mayar da ita yadda take. In da gyaran abin da ya lalace canja halitta ne, da maɗori ma mai laifi ne in ya ɗora karaya.

Muna da dalili a sarari daga zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani sahabi mai suna Arfajatu ɗan As'ad an sare masa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya ƙera na azurfa ya sanya, sai ya yi masa wari. Manzon Allah ya umurce shi da ya ƙera na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. Ku lura, ƴan'uwa: zinariya haramun ce ga namiji, hanci kuma mutum yana iya rayuwa ba shi, duk da haka aka halatta masa don ya rufe aibin fuskarsa. Ina ga ɗan madubi mai tsarki wanda ba najasa ba ne, ba haram ba ne, kuma da shi ne mutum zai ga alƙibla da fuskar ɗiyansa? Game da kabari kuwa, hankalin dattijonmu ya kwanta. Ba a tsaga idon mamaci don ciro madubi, alfarmar Musulmi a mace kamar alfarmarsa ce a raye. Da shi za a yi masa wanka a binne shi, ba abin da ya rage daga sallarsa ko daga sallar da za a yi masa.

Hujja ta biyu ta fi taɓa zuciya, ita ce maganar haƙuri. Buhari ya ruwaito hadisin ƙudusi da ke yi wa wanda aka jarrabe shi da rashin idanunsa biyu ya yi haƙuri albishir da Aljanna. Akwai kuma labarin matar nan mai farfaɗiya wadda aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri. Dattijonmu ya san waɗannan, kuma ba mu raina niyyarsa. Sai dai muna tambayarsa cikin ladabi: haƙuri a kan me? Akwai makantar da ba ta da magani, mai ita ba shi da wata ƙofa sai ya sallama, kuma ladarsa tana wurin Allah cikakkiya. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa, ya yi ladanci, Annabi kuma ya sha barin shi ya ja wa mutanen Madina salla. Makanta ba ta rage darajar kowa. Amma wanda magani ke kusa da shi, an gwada an ga amfaninsa ga dubban mutane, barinsa ba shi ne haƙurin da aka yaba ba. Mai jin ƙishirwa a bakin rijiya da guga a hannu, in ya zauna ya ce yana haƙuri da ƙaddara, ba wanda zai ce masa waliyyi. Manzon Allah ya yi magani, ya umurci bayin Allah da neman magani, ya sanar da mu cewa wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Ya gaya wa mai raƙumi ya ɗaure sa'an nan ya dogara. Da Sayyidina Umaru ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba aka ce masa yana gudun ƙaddara, ya nuna cewa komawar ma ƙaddara ce. Yana ƙaddara ce, hannun likita ma ƙaddara ne. Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, shi ne abin misali a kyakkyawan haƙuri, kuma da rigar Yusufu ta zo bai kau da fuskarsa ba.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa da halin mai ciwo, kuma yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa ko nakasa. Ido gaɓa ce. Ba mu ce dattijon da ya ji tsoro ya ƙi ya zama mai saɓo ba, domin tsoro uzuri ne kuma magabata sun yi saɓani a kan wajabcin magani. Abin da muke cewa shi ne kada ya ɗauka ƙin nasa ya fi kusa da taƙawa.

Akwai kuma abin da ya bambanta shi da matar nan mai farfaɗiya. Ita nauyin haƙurinta a kanta yake. Shi kuwa wa ke ɗauke da nasa? Yaron nan ɗan shekara 10 da ke riƙe da sanda. Tun safe yana jagora, tsaransa suna makarantar allo ko ta boko, shi yana zaune ƙofar masallaci yana jiran a idar. Ku duba kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ku ƙirga ƴan jagora, kowane ɗaya daga cikinsu yaro ne da karatu ke wucewa. Mutum yana da iko ya yafe haƙƙinsa, ba shi da ikon yafe haƙƙin jikansa. Kuma akwai maganar da ta fi wannan ɗaci, dole mu faɗe ta: a wasu gidaje ba tsohon ne ke ƙin aiki ba, iyalinsa ne ba su so, domin abin da yake samowa a bara ya zama abincin gida. Wanda ya bar mahaifinsa cikin duhu don kwanon bara ya cika, ya san da wa zai yi shari'a.

Hujja ta uku ita ce salla, kuma a nan ɗalibai za su ji daɗin sanin cewa mas'alar ta daɗe a littattafanmu. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, da ganinsa ya tafi a ƙarshen rayuwarsa, an yi masa tayin aikin ido bisa sharaɗin ya kwanta rigingine na wasu kwanaki yana salla da nuni, sai ya bar aikin don kada ya rasa sujada. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halilu ya kawo wannan mas'ala a Mukhtasar, a babin tsayuwa cikin salla. Ya halatta aikin ido da zai sa mutum ya yi salla a zaune. In kuwa zai kai shi ga kwanciya rigingine, ya kawo maganar Ibnul Ƙasim cewa sai ya sake sallolin, sa'an nan ya nuna cewa an inganta maganar da ta ba shi uzuri, wadda ita ce ta Ash'habu, kuma malaman baya sun karkata gare ta. Ku lura da dalilin tsanantawar: aikin wancan zamani tura yana ne da allura zuwa cikin ido, mai ciwo ya kwanta kwanaki ba motsi, kuma ba a da tabbacin waraka. Yau ba a kwantar da kowa rigingine. Abin da likita kan ce shi ne a guji sunkuyawa da ɗaukar kaya mai nauyi da shigar ruwa a ido na ƴan kwanaki. Mai aikin ya yi sallarsa da nuni a wurin ruku'u da sujada gwargwadon kwanakin da aka yanka masa, ya shafi bandeji a alwala, ba sake salla a kansa. Ɗigon da ake ba shi bayan aiki kuwa kada ya tsallake shi don azumi, domin shi ne ke tsare ido daga ƙwayar cuta. A mazhabarmu in ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro sai a rama ranar, saboda haka wanda aikinsa ba na gaggawa ba ne ya nemi a sa masa rana a wajen Ramalana.

Tunda mun ambaci tura yana da allura, mu yi gargaɗi. Har yanzu masu wannan sana'a suna yawo ƙauyukanmu, a nan da Nijeriya da Mali. Suna soka ido su ture madubin ya faɗa ciki, mutum ya ga haske nan take ya yi murna ya biya, mai aikin ya wuce gari na gaba. Bayan kwanaki sai ciwo da kumburi, da yawa idon yakan mutu mutuwar da likita ba ya iya tayarwa. Wanda ma ya tsira ba shi da madubi, ganinsa dishi-dishi ne. Hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilminsa ba. Abin mamaki, mutum yakan ƙi likita da sunan tawakkali, sa'an nan ya miƙa idonsa ga baƙon da bai san garinsu ba.

Yanzu ga ɗan kasuwarmu. Ba za mu ce masa haramun ba ne, domin raunin gani aibi ne na gaskiya, kuma Majalisar Fiƙihun nan, a zamanta na ƙasar Malesiya a 2007, ta halatta aikin da ake nufin dawo da amfanin gaɓa da shi, ta hana wanda ake yi don sauya lafiyayyar halitta bisa son zuciya. Neman karatu ba tabarau ya fi kusa da na farko. Amma halal ba ya nufin abin da ya fi. Dattijo idonsa ya riga ya rufe, abin da zai samu babba ne, abin da zai rasa kaɗan ne. Ɗan kasuwa kuwa zai kai ido mai gani ƙarƙashin wuƙa. Kowane aikin cikin ido yana da haɗarinsa ko da kaɗan ne: ƙwayar cuta tana iya shiga, tantanin baya yana iya ɓallewa, kuma wannan ya fi samun masu raunin hangen nesa mai tsanani. Madubin da ke haɗa ganin kusa da nesa yakan sa wasu ganin zobe kewaye da fitilu da dare, abin da direba ba zai so ba. Sa'an nan abin da aka cire ba ya komawa. Tabarau in bai yi ba sai a canja, madubin da Allah ya halitta in ya fita ya fita ke nan. Jikinmu amana ne a hannunmu, kuma ƙa'idar malamai ita ce kau da ɓarna yana gaba da jawo amfani.

Saboda haka muna rarrabewa. Wanda ganinsa ya yi rauni ƙwarai har tabarau bai wadatar da shi ba, ko sana'arsa ba ta yiwuwa da shi, ko likita amintacce ya ga alamar yana ta soma, to wannan magani yake nema, ya yi istihara ya je. Wanda kuwa tabarau na ƴan kuɗi kaɗan ya ishe shi, abin da ke damunsa kawai kada a ce ya tsufa, muna ba shi shawara ya dakata. In Allah ya ja kwanansa, wataƙila yana za ta zo da kanta, a yi aikin a lokacin da haɗarinsa ya cancanci ɗauka. Amma wanda zai sa a dasa masa wani abu don ya sauya launin idonsa daga baƙi zuwa shuɗi, wannan ya shiga abin da ayar Nisa'i ta yi gargaɗi a kai, kuma likitocin ido da kansu suna hana shi saboda idanun da ya lalata.

Mun gaya wa ɗan kasuwar wata magana kuma, ba a matsayin fatawa ba, a matsayin ƴan'uwantaka. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta nuna mutum miliyan 94 ne yana ta raunana ganinsu ko ta makantar da su, kuma ita ce kan gaba wajen makanta a duniya. Ba tsadar madubin ce ta hana su ba. Tun da aka buɗe masana'antar Aurolab a Indiya a 1992, da na gidauniyar Fred Hollows a Iritiriya da Nepal a 1994, kuɗin madubi ya faɗo daga sama da dalar Amurka 100 zuwa ƙasa da 10. A ƙasarmu gidauniyar Al-Basar ta buɗe asibitocin ido masu sunan Makka a Yamai da Maraɗi, Bankin Musulunci na Jidda kuma ya sa Nijar cikin ƙasashen farko na shirinsa na yaƙi da makanta a 2008. Abin da ke tsare talaka a gida sau da yawa shi ne kuɗin mota da na awo da na magani, da rashin mai rakiya, da tsoro. Kuɗin jirgi da masauki da aikin da alhaji zai biya don ya ajiye tabarau za su kai tsofaffi da dama gaban likita. Dukiyarsa ce, ba mu tilasta shi. Mun dai tuna masa cewa a sahu ɗaya yake salla da dattijon nan, kuma zakka tana halatta a damƙa ta ga fakiri ya biya wa kansa magani.

Mata kuwa su ne suka fi zama cikin duhu, don tsohuwa in ta makance sai a ajiye ta a ɗaki ba wanda ya sani. Wani maigidan yakan ce ba ya yarda namiji ya duba matarsa ko mahaifiyarsa. Malamai sun halatta hakan idan ba a sami likita mace ba, gwargwadon buƙata, da muharrami a wurin. Wurin da za a duba ido ne, kuma ɗanta yana iya zama kusa da ita.

Dattijonmu bai ba da amsa ba tukuna. Ya ce a bar shi ya yi istihara, ya kuma nemi a kawo masa wani tsaransa da aka yi wa aikin bara ya ji daga bakinsa, ɗiyansa sun yi alkawarin kawo shi ranar Juma'a. Muna roƙon limamai da ladanai a kowace unguwa su rubuta sunayen waɗanda ake jagora zuwa masallaci, su tambayi mata a gida su wa ke zaune a ɗaki ba gani, a miƙa sunayen ga reshen ƙungiya mafi kusa, domin a san mutum nawa ne da kuɗin motar da ake buƙata kafin a nemi ranar awo.